Gini kaɗai ba ya yin bincike

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in sa baki a maganar kuɗin jami'o'i. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata babbar makaranta a nan Jos, aikina haɗa sinadarai, wanke kwalabe da kula da firiza. Irinmu ba a cika jin muryarmu ba in ana wannan muhawara.

A daminar bara, wata ɗaliba mai neman digiri na biyu ta yi wata huɗu tana bin gonakin dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, tana tsinko ganyen da cutar nan mai ƙona ganye da ruɓar da dankali ta kama. Kuɗin mota daga aljihunta, kuɗin sinadarai daga mahaifinta, wanda shi ma manomin dankali ne. Ta jera samfuranta a firiza, kowace leda da sunan ƙauye da kwanan wata. Sai aka yanke mana wuta saboda bashi, janareto kuma babu dizal, har kwana biyar. Ranar da muka buɗe firizar wari ne ya fara tarbar mu. Ta daɗe tana kallon ledojin, sannan ta ce, "Malam, sai wata daminar ke nan?" Har yau tambayar tana damuna.

Ginin da abin ya faru a cikinsa sabo ne, fentinsa ko dushewa bai yi ba. A nan ne gizo ke saƙar. Ba na raina aikin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu. Asusun ya samo asali ne daga harajin ilimi na 1993, wanda gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta haifar, aka sake masa doka da suna a 2011, harajin kuma ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni zuwa kashi 3 a 2023. Ba don shi ba, da ɗaliban jami'o'i da yawa a gindin bishiya suke karatu. Yana ma da tallafin bincike, amma mutum nawa yake kaiwa gare su? Gini shi ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Kuɗin wuta, ruwa, sinadarai da gyaran na'ura, waɗanda su ne abincin bincike na yau da kullum, ba su da mai tsaya musu. Tun da aka kai farashin wutar rukunin A, wato na waɗanda aka ce sun fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, abin da ake ba makarantu na gudanarwa ko kuɗin lantarki ba ya biya.

Alkawura kuwa mun sha su. Yarjejeniyar gwamnati da ASUU ta 2009, sai ta 2013 da aka ce za a zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don farfaɗo da jami'o'i. Bayan biliyan 200 na farko, sauran sai ɗigo-ɗigo. Yajin aiki ya ci wata tara a 2020, ya ci takwas a 2022. Darasi ana iya ramawa, amma ƙwayar cutar da ake reno a kwalba ba ta jiran a sasanta.

Mu mutanen Jos ya kamata abin ya fi yi mana zafi. A 1969, ma'aikaciyar jinyar da ta kamu da baƙon zazzaɓi a garin Lassa nan Jos aka kawo ta, nan ta rasu. Jinin majinyatan sai da aka kai Jami'ar Yale a Amurka kafin a gano ƙwayar cutar. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta rasa ranta a garin nan tana binciken cutar. Sama da shekara hamsin ke nan, zazzaɓin Lassa na kashe mu duk rani, babu allurar rigakafin da aka amince da ita.

Kuma ba basira muka rasa ba. Cibiyar Vom tun 1924 take aikin rigakafin cututtukan dabbobi, da hannunta a yaƙin da ya kawar da cutar bushiya daga shanu. Masanan cibiyar binciken noma ta IAR Samaru sun fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Inda aka ba su kayan aiki, manomi ya gani a rumbunsa.

Roƙona ga Majalisar Tarayya da Ma'aikatar Ilimi shi ne, duk ginin da za a yi wa ɗakin gwaje-gwaje a haɗa shi da sola da batir da kuɗin sinadarai na aƙalla shekara uku, a rubuta su daban a kasafi yadda ba za a karkatar da su ba. Tallafin binciken noma kuma a sake shi kafin ruwa ya sauka. Ɗalibar nan za ta koma Bokkos a watan Yuni, kuma har yanzu firizarmu wutar gari take jira.

Na gode.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Jos, Jihar Filato.