NigComSat-1R na tsufa, ina magajinsa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan tauraron ɗan'adam na sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R. Sojan da ke dajin Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi, inda babu sabis na waya, ta sama saƙonsa ke bi: na'urarsa ta harba wa tauraro, shi kuma ya sauko da shi hedikwata.

NigComSat-1R da China ta harba mana a Disambar 2011, shekara 15 aka ɗebar masa, wato zuwa 2026. Wanda ya gabace shi kuwa, na 2007, ko shekara biyu bai cika ba ya mutu. Idan wannan ma ya mutu, hayar tauraro a hannun kamfanonin waje ba laifi ba ne, amma sirrin yaƙi fa? Ya kamata Majalisa ta tambayi gwamnati yaushe magajinsa zai tashi.

Naka,
Wani mai karatu daga Maiduguri