Katifa ba da ido ake sayenta ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sam mini ɗan fili in yi wa 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas magana a kan abin da kowa ke kwana a kansa amma ba a cika kawo shi a jarida ba, wato katifa. Sana'ata ɗinkin kujeru da gadaje ce a nan Agege. Soso nake yanka daga safe har yamma, saboda haka ko ban san komai ba, na san soso. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne duk sanda bukukuwa suka kankama, iyaye kan fita sayen kayan ɗaki, kuma tambayar da suke yi a shagon katifa ba ta wuce guda ɗaya: "Inci nawa ce?"

Wannan tambayar ce ke cinye mana kuɗi. A al'adarmu gidan amarya ne ke yin gado da katifa da kujeru, kuma ranar jere mata za su cika ɗakin suna dubawa. Babu wadda za ta yaye zanin gado ta leƙa soso. Abin da ido zai gani shi ne tudun katifar da ƙyallin yadin da aka lulluɓe ta da shi. Masu shago sun daɗe da karantar mu. Sai ka ga an jingine katifa inci 16 ko 20, an sa mata yadi mai furanni da sheƙi, farashinta bai kai na wata mai inci 8 da ke gefenta ba, Alhaji kuwa ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Kafin shekara ta zagayo tsakiyarta ta lotsa, miji da mata suna gangarawa rami ɗaya. Abin tausayin shi ne amarya ba za ta iya buɗe baki ta ce katifar da babanta ya saya ta mutu ba, ango kuma kunyar surukai ba za ta bar shi ya fitar da ita waje ba. Haka za su yi shekaru a kanta suna tashi da ciwon ƙugu, ana ɗora wa wahalar Legas laifi.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne densiti, wato nauyin soson. Ana auna shi ne da kilo nawa ke cikin dunƙulen soso mai mita ɗaya ta kowane ɓangare: tsawo, faɗi da tsayi. Mu 'yan Agege ba mu buƙatar dogon bayani a nan, don mun san bambancin burodinmu mai cika hannu da wanda aka kumbura da yis, ka matse shi ya koma loma ɗaya. Soso ma haka yake. Mai ƙarancin nauyi iska ce ta fi yawa a cikinsa, 'yan ramukan nan nasa kuma da sun sha danna sai su karye, ba su ƙara tashi. A abin da hannuna ya saba da shi, soson da densitinsa bai kai 18 ba bai dace babban mutum ya kwana a kansa kullum ba. Daga 20 zuwa 24 ya yi wa yara da ɗakin baƙi. Magidanci da iyalinsa su nemi daga 25 zuwa sama, mai jiki kuwa ya doshi 30. In ba a rubuta a jikin katifar ba, a tambayi mai shago. In ya fara kame-kame yana yabon yadi, an samu amsa.

Akwai ma hanyar da mutum zai bincika da kansa. Katifa mai ƙafa shida da shida, mai kaurin inci 8, sosonta ya ɗan haura kashi biyu cikin uku na wancan dunƙulen da na faɗa. Ke nan in densitinta 18 ne, nauyin soson zai kama kilo 12. In 30 ne, zai kai kilo 20. Sai a ƙara ɗan abin da yadi ya ɗauka. 'Yan'uwanmu na kasuwar Mile 12 da ba su rabo da sikeli, ban ga abin da zai hana su auna katifa ba. Ko babu sikeli, a ɗaga gefe ɗaya na wannan, a ɗaga na waccan. Katifar da yaro ɗan firamare zai cicciɓa da hannu ɗaya, komai tudunta, a bar wa mai ita kayansa.

Sai dai nauyi kaɗai ma yana yaudara, don akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin soso, wanda a masana'anta ake kira kalsiyom. Yana ƙara nauyi da araha, amma yana kashe ƙarkon soso. Irinsa in ka yanka shi za ka ji yana burtsi a yatsa, ya bar farin gari a wuƙa, in ka ja shi kuma ya yage ba gardama. Mai saye ba zai yanka katifa a shago ba, amma zai iya dafa gwiwa a kanta da ƙarfi na ɗan lokaci ya ɗaga. Soso mai kyau nan take zai dawo daidai. Wanda ya bar shaidar gwiwa yana tashi a hankali, ko ka ji gwiwarka ta nutse har ta kusa taɓa ƙasa, ba abin kai wa gida ba ne. A gwada tsakiya, kada a tsaya a gefe, domin na sha farke katifun da aka kawo mini gyara in tarar an sa soso mai kyau sama da ƙasa, an cusa tarkace a tsakani.

Wani ruɗanin kuma shi ne tauri. Mutanenmu da yawa sun ɗauka katifa mai tauri ita ce mai ƙarko kuma ita ce maganin ciwon baya. Tauri daban, nauyi daban: ana iya yin soso marar nauyi ya yi tauri, ana iya yin mai nauyi ya yi laushi. Yawancin katifun da ake sayarwa da sunan otofedik, gutsattsarin soso ne aka niƙa aka haɗa da gam aka matse, shi ya sa suke da nauyi da tauri, kuma gaskiya suna daɗewa. Amma ba kowane baya suke yi wa daɗi ba. Wani ɗan ƙanwata da ya karanci gashin ƙashi ya nuna mini binciken da aka yi a ƙasar Sifen, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2003, inda aka gwada mutum sama da 300 masu ciwon baya da ya daɗe. Waɗanda aka ba katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba mai tauri sosai. Ni ma abin da nake gani ke nan. Siririn dattijo mai kwana ta gefe, in ka ɗora shi a kan otofedik zalla, kafaɗa da ƙugu ne za su yi ta masa zogi. Irinsa sai wadda aka shimfiɗa wa soso mai laushi inci 2 ko 3 a sama. Jariri ne dai ba a yi wa laushi, shimfiɗarsa ta zama mai tauri wadda fuskarsa ba za ta nutse ba.

Duk wannan ba ya ganuwa sai an kwanta, mu kuwa kunya ta hana mu. Mutum zai gwada takalmi ya zagaya shago da shi, amma abin da zai kwashe sa'a bakwai ko takwas a kai kowane dare sai ya danna da ɗan yatsa ya ce a ɗaure. A cire hula a kwanta, yadda aka saba kwanciya a gida, ko na minti goma ne. In ka kwanta rigingine, tafin hannunka ya shiga ƙarƙashin ƙugu da ƙyar, to ta yi daidai. In ya shige fayau ta yi tauri, in ya ƙi shiga sam ta yi laushi. Na san amarya ba za ta je kasuwa ta miƙe a gaban mutane ba. To gwaggonta ko yayarta mai irin jikinta ta yi mata.

Ba tallar kowa nake yi ba, amma abin mamaki ne a ce muna zaune a Legas muna sayen katifar da ba a san asalinta ba, alhali manyan masana'antun suna nan Ikeja, tafiyar mota ɗaya daga Agege. Vitafoam tun 1962 aka kafa shi. Mouka kuwa asalinsa ma Kano ne, can iyalan Moukarim suka fara da masana'antar kayan ɗaki a 1959, kafin a buɗe na soso a Legas a 1972. Akwai wasu kamfanonin da dama masu kaya nagari. Matsalar ita ce suna a jikin yadi ba shaida ba ne, don duk tela zai iya ɗinka yadi mai tambari a kan mataccen soso, har da tsohon da aka tsinto aka sake wa riga. A nemi dilan da kamfani ya amince da shi, a duba lakabin da aka ɗinke a jikin katifar da alamar hukumar SON mai kula da ingancin kaya, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da sunan samfurin da girmansa, a karɓi takardar garanti. Wanda ya ce zai rage maka kuɗi in ka yafe rasit, ya san abin da ya taka.

Batun tsada kuwa, ba zan ce mai kuka ba shi da gaskiya ba. Sinadaran da ake haɗa soso da su daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, farashin katifa kuma ya bi ta. Amma a yi lissafi da shekaru. A misali, katifar naira 80,000 da za ta mutu a shekara biyu, kana biyan 40,000 ke nan duk shekara. Ta 200,000 da za ta kai shekara takwas, 25,000 ce. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. In aljihu bai kai ba, a rage inci, kada a rage nauyi. Inci 8 mai kyau ta ishi kowane gado. In ma tudun ake so don idon 'yan jere, kafinta zai ɗaga katakon gadon, ya fi araha nesa ba kusa ba. Samarinmu masu dako a Mile 12 da Alaba Rago, waɗanda bayansu ne jarinsu, katifa mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa biyu da rabi mai nauyi ta fi musu wata ƙatuwar da za su yi karo-karo su saya ta lotse kafin damina ta wuce.

Damina ta tuna mini abin da wanda ya zo daga Arewa ba ya shiryawa: laimar Legas. A Kano ko Katsina katifar rimi ta kakanninmu sai a fito da ita rana ta bushe ƙayau. A nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce kusan duk shekara. Katifar da aka shimfiɗa a kan siminti ko tayil, ɗaga ta bayan 'yan watanni ka ga baƙin funfuna a ƙasanta, sannan a yi ta mamakin yadda yara ke tari. Ko gado bai samu ba, a sa katako a ƙasa iska ta riƙa wucewa, a kuma jingine ta da bango da rana lokaci-lokaci. A unguwannin da ruwa ke shiga ɗaki a watan Yuni da Yuli, wannan ɗagawar ce za ta cece ta, don soson da ya sha ruwan kwata da wuya ya koma daidai. Ledar da ta zo da ita kuma a cire. Na san ana barin ta ne don kada katifa ta yi datti, amma zafi take tarawa, ga gumi, ga ƙara duk juyi. Mai yara ya sayi abin shimfiɗa mai hana ruwa wanda ake cirewa a wanke. Soson nan mai ɗaukar siffar jiki da ake yayi yanzu yana da daɗi a ɗaki mai na'urar sanyi, amma yana riƙe zafi, daren da aka ɗauke wuta mai shi zai gane kurensa. Katifar sifirin, mai naɗaɗɗun wayoyi a ciki, ta fi shan iska, sai dai ta arha waya ke fara tsikarin mutum, kuma ba ta lanƙwasuwa, don haka mai zama a bene ya auna ƙofa da matakala kafin ya biya.

Katakon ƙasan gado ma na kashe katifa. In tazarar da ke tsakaninsu ta wuce faɗin yatsu huɗu, soso zai riƙa zurmawa ciki. Duk bayan wata uku a juya katifa, kai ya koma ƙafa, in mai fuska biyu ce a kifa ta.

Katifar gwanjo kuwa, ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Kuɗin cizo a ɗinkin gefe yake ɓuya ya zuba ƙwai, ya shiga gidan haya mai ɗakuna a jere kuma sai ya zagaye kowa. Daga nan sai a ɗauko fiya-fiya a fesa a kan katifa a kwanta, har da jarirai a ɗakin. Guba ce, ba a yi ta don shimfiɗar mutum ba, kuma soso na tsotse ta.

Roƙona na ƙarshe ga iyaye: rasit da takardar garanti a sa su cikin akwatin amarya, a gaya mata inda suke, a kuma gaya wa ango a gabanta cewa in katifa ta lotsa kafin wa'adi ya mayar wa dila, ba a ɗauke shi raini ba. Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗinkin kujeru,
Agege, Legas.