A Koya wa Masu Farawa Sanin Dutse Kafin Su Zira Shi a Zare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wata sana'a da take ƙara karɓuwa a wurin 'yan mata da matan aure a nan Katsina, wato shirya abin wuya da awarwaro da 'yan kunne da duwatsu masu daraja. Na daɗe ina wannan sana'a a cikin gida, kuma yanzu ina da 'yan koyo a hannuna, saboda haka abin da zan faɗa ganau ce ni a kansa.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake koyar da masu farawa. Ana nuna musu zira dutse a zare da haɗa launi da ɗaura maɓalli, amma ba a koya musu sanin dutsen kansa, alhali a nan ne jarin mutum yake nutsewa. Ni ma haka na fara, kuma na ji a jikina. Na taɓa sayen igiya uku ta wani dutse mai launin shunayya da aka ce mini ametis ne, na shirya sarƙoƙi na sayar wa wata baiwar Allah da take haɗa lefen ɗanta. Bayan mako biyu ta dawo mini da su ranta a ɓace. Da na kai wa wani dattijo maƙerin fari, sai ya ɗaga ƙwaya ɗaya ta fuskanci hasken ƙofa, ya nuna mini wani ɗan kumfan iska a ciki wanda bai kai ƙwayar riɗi ba, sannan ya ɗora ta a kumatunsa ya ce, "'Yata, wannan kwalba ce." Na mayar wa matar kuɗinta, amma kunyar wannan rana har yau ba ta bar ni ba.

Abin da dattijon ya nuna mini ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Dutsen gaske yana daɗewa da sanyinsa a fata, gilashi kuwa nan da nan yake ɗaukar ɗumin jiki, roba kuma ba ta da nauyi a tafin hannu. Akwai ma'aunin taurin duwatsu wanda wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, inda daimon yake 10, safaya 9, tofaz 8, ametis 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi. Wannan ne ya sa ametis na gaske yake iya karce jikin kwalba. Haka kuma ana rina wasu duwatsun, kuma mai lura zai ga launin ya taru a bakin huda da cikin tsaga. Murjani da lu'ulu'un teku ba su da tauri, turare da gumi suna dusashe su, don haka wajibi ne mai sayarwa ta gaya wa mai saye ta fesa turarenta kafin ta sa su, musamman a ƙasarmu da mata ba sa rabuwa da humra.

Kayan farawa ba su da yawa: filaya mai zagayayyen baki, da abin yanke waya, da waya mai laushi ko zaren siliki, da maɓalli. Nakan sa 'yan koyona su fara da awarwaro, domin ƙwaya 22 ko 23 masu faɗin milimita 8 sun isa hannun mace, kuma idan an yi kuskure asarar kaɗan ce. Idan dutsen mai tsada ne, nakan sa su ƙulla zare tsakanin kowace ƙwaya da 'yar uwarta, saboda ko sarƙar ta tsinke a wurin biki, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Azurfa mai kyau takan zo da hatimin 925, ƙarfe mai arha kuwa yakan jawo wa wasu ƙaiƙayi a wuya da kunne.

Wani abin takaicin shi ne, Allah Ya hore wa ƙasar nan waɗannan duwatsu. Ana haƙo safaya a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, ana samun tomalin a jihohin Nasarawa da Oyo, ga tofaz a yankin Jos, amma yawancinsu ɗanyensu ake fita da su waje, mu kuma muna sayen kwalba da sunansu. Iyayenmu da suka gaji tsakiya da murjani sun san na ƙwarai da hannu kawai.

Saboda haka nake kira ga masu cibiyoyin koyar da sana'a a Katsina da Daura da su ware makon farko domin sanin dutse kaɗai, su kuma gayyato maƙeran farin da suka rage mana su zauna da ɗalibai, a ajiye dutsen gaske da na bogi a faranti ɗaya kowa ya taɓa. Ni a shirye nake in kawo sauran igiyar kwalbar nan da na adana domin a yi darasi da ita.

Na gode.

Wata mai sana'ar duwatsun ado,
Ƙofar Marusa, Katsina.