Ummi, Game da Littattafan Nan na Ƙasan Adakata

Assalamu alaikum Ummi,

Ya karatu, ya sanyin Zariya? Gwaggonki ta zo mini da maganar da ta hana ni barci kwana uku. Wai kin sallami yaron nan, kin ce ke kin karanta isassun littattafai, kin san abin da aure yake yi wa mace.

Na san inda kika same su. A ƙasan adakata suke tun kafin a haife ki, bangonsu duk ya yi laushi. Da fitilar ƙwai na karanta su, ina ɓoyewa a cikin zani kada Baba ya gani. Shekarar 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, kuma a lokacin ajinmu yana ta raguwa, yau a cire wannan, gobe a ɗaura wa waccan aure da sa'an ubanta. Da muka ga an cire Abu daga makaranta a littafin, kanmu muka gani. Rabi ta ɗaya littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, kuwa, da aka kora da 'ya'ya tara har ta koma sayar da abinci, kowace unguwa akwai irinta, ga tsadar rayuwa ta zamanin SAP, shirin nan na gwamnati na tsuke bakin aljihu, ta sa maza sun rasa ta yi. Abin da ke cin zuciyar matan lokacin shi aka zuba a takarda, domin ba mu da bakin faɗa a gaban manya. Ko da aka ƙona irinsu a Kano a 2007, ban fitar da nawa ba.

To amma ke wa ya cire ki daga makaranta? Wa ya ce zai ba da ke sadaka? Ni da na sayar da awarwarona na biya miki kuɗin rajista, yau ki ɗauko tsoron da na sha wuya don kada ya same ki, ki yafa shi kamar mayafi? Wannan ba wayo ba ne, Ummi, kuma raina ya ɓaci.

Abin da ya fi ci mini rai, ina jin ni kike gani a cikin Rabi. Shekarar da muka koma Gwammaja kina da wayo, kin ga abin da kika gani. Amma ban zauna don rashin wurin zuwa ba. Na auna, na zaɓa, kuma akwai shekarun daɗi da ba ki tambaye ni labarinsu ba. Ina tsoron kada hawayena na wancan lokaci ya hana ki naki gidan.

Ban ce lallai sai shi ba. In kin ga wani aibu a tare da shi, ki faɗa mini, ni zan tsaya miki a gaban Babanki. Ki zo hutun nan da littattafan, mu buɗe su tare, in nuna miki shafin da na jiƙa da kuka da dalilin kukan.

Na ba direba dambun nama da kuka. Allah Ya yi miki albarka.

Ummanki