Godiya ga ɓangaren ginin yumɓu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Zuwa ga shugaban sashe, malamai da ma'aikatan ɗakin ginin yumɓu, Samaru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda mu mutanen ƙasar nan ba mu cika ɗaukar biro ba sai an ɓata mana rai. Yaba kyauta tukuici.

Ni malamin zane ne a wata sakandaren gwamnati, na dawo karatu da girmana, furfura ta fara leƙowa. Kafin in zo wurinku ina riƙe da takardar wata kwaleji da ba zan kama sunanta ba, kuma a jikin takardar an rubuta cewa na ci darasin ginin yumɓu da sakamako mai kyau. Wallahi har na bar makarantar nan ban taɓa ɗora hannu a kan keken gini, wato na'urar da ke juya laka a kan faifai ana siffanta ta da hannu, yana juyawa ba. Keken akwai shi, ƙwaya ɗaya, a wani ɗaki mai kwaɗo, an lulluɓe shi da tsohon labule. Makulli yana hannun wani jami'i, shi kuma jami'in kullum "ya ɗan fita". In ka matsa, a ce maka bel ya tsinke, an rubuta wa hukuma. Amma ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo, sai ka ga an share ɗakin tas, an goge keken, an jera tukwanen da aka sayo a kasuwa kamar aikin ɗalibai. Motar baƙi na fita, kwaɗo na komawa.

A kan allo muka koyi gini. Mun haddace cewa Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da gini a Abuja ta da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950. Mun haddace cewa Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko, ta zo da gwanintarta ta ginin hannu irin na Gwari, a can ta koyi keke. Mun rubuta a jarrabawa cewa jami'arku ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan naira 20. An ba mu maki. Yadda yatsunta ke yi da laka kuwa babu wanda ya nuna mana, don mai koyarwar shi ma a littafi ya gani.

Saboda haka da shirin haƙuri na zo Samaru. Rajista da zirga-zirgar ofis suka wuce lafiya, ba abin cewa. Mamakin yana ɗakin aiki. Ƙofa a buɗe, yumɓu a rufe da leda yana jira, aka ce kowa ya kama keke. Har sai da na tambaya ko akwai takardar neman izini da zan cike, yaran ajin suka yi mini dariya.

Malamanmu sun yi nasu, Allah ya saka. Amma wanda ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa wani dattijo ne mai kula da ɗakin, Baba muke ce masa, kuma na san ba zai so a buga sunansa ba. Ya ga ina kokawa da dunƙulen laka, ita tana rawa ni ina gumi, ga 'yan yara sa'o'in ɗalibaina sun riga sun ɗaga nasu. Bai ɗaga murya ba. Ya ja kujera kusa da ni, ya ce, "Malam, kafa gwiwar hannunka a cinya. Ƙashi ne ke riƙe laka, ba ƙarfi ba." Ya ɗora tafinsa a bayan hannuna, na ji dunƙulen ya daina fizga, ya tsaya cak a tsakiyar faifai alhali keken na gudu. Daga ranar har yau bai taɓa kirana da komai ba sai Malam.

Baba ba ya yabon banza. Ranar da na ɗaga wani dogon kofi da nake ganin ya yi, na kira shi da fara'a. Ya duba, ya ɗauko waya, ya ratsa shi gida biyu daga ƙasa zuwa sama. Zuciyata ta buga. Ya nuna mini cikin: gindi ya yi kauri kamar bangon ɗaki, baki kuma saura kaɗan ya huje. Ya ce laka da yawa na nan kwance a ƙasa ban taso da ita ba, kuma tunda ban danne gindin da kyau ba, da an bar shi ya bushe sai ya tsage. Sannan ya jefa gutsattsarin cikin bokiti, ya ce matuƙar ba ta shiga wuta ba laka ba ta asara, in je in cuɗa wata har iska ta fita.

Da aka shiga manyan darussa ne na ƙara sanin darajarsa. Butar shayi, wadda kowa ke rainawa, aiki huɗu ce: ciki, murfi, hanci da mariƙi, kowanne da lokacinsa, kuma dole su yi daidai a tsanewa kafin a haɗa. A hunturun Zariya, in ka tafi sallah ba ka rufe aikinka da leda ba, kafin ka dawo baki ya bushe gindi na jiƙe. Sau tari Baba ne ke bi yana rufe wa masu mantuwa. Shi ya koya mana cewa hancin buta da aka gina a keke yakan ƙara murɗewa a cikin wuta, don haka a yanke bakinsa a ɗan karkace, wuta ta miƙar da shi. Shi ne kuma ya koya mana auna murfi da bakin buta tun suna ɗanye, domin yumɓu na ƙanƙancewa da wajen kashi goma cikin ɗari tsakanin bushewa da gashi. Babbar randa kuma, wadda hannu ba zai kai gindinta ba, a gina ta kashi biyu, a auna bakunan, a kifa ɗaya kan ɗaya, a mayar kan keke a shafe mahaɗar. In wutar lantarki ta ɗauke ba ya bari a zauna hira, sai ya tura mu keken ƙafa. Ni ma ya ce in fi ba shi ƙarfi, tunda makarantar da zan koma ba lallai ta samu lantarki ba.

Daren da aka yi wa kayanmu gashi na biyu a tanderu, wanda zafinsa ke haura digiri 1200 kafin ruwan sheƙin da aka haɗa da toka ya narke, lokacin tashin Baba daga aiki ya wuce tun la'asar. Ya zauna da mu bakin tanderu yana leƙa ramin dubawa, yana karanta launin wuta. Da aka tara kuɗi za a sa masa a aljihu, ya ce a sayo shayi da burodi kowa ya sha.

Abin da ke ci mini rai, mene ne ya hana sauran wurare yin haka? Ba kuɗi ne kaɗai ba. Na ga makarantun da suka fi wannan ɗaki sabbin kaya, amma kayan na cikin kwali, ana tsoron kada ɗalibi ya lalata. Na ga ofisoshin da za ka yi sallama ma'aikaci na danna waya, sai ka maimaita kafin ya ɗago, kamar bashi ka zo roƙo. Ga farar ƙasa jibge a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, ga yumɓu a kusan kowace fadama, amma ka shiga ɗakin amarya, tangaran ɗin da ke cikin kabad daga Sin aka kawo shi. Ana yaye yara da takardar sana'a, hannunsu bai taɓa ƙazanta ba, su ma su je su yaye wasu.

Ranka ya daɗe shugaban sashe, roƙona ɗaya ne. Baba ya manyanta. A haɗa shi da matasan ma'aikata su zauna gefensa tun yanzu, kuma in ana maganar ƙarin girma da yabo a tuna da masu ɗakin aiki, kada a tsaya kan masu ofis kawai. Allah ya ƙara masa lafiya, ya albarkaci zuri'arsa, ya ɗaukaka wannan sashe.

Wassalam.

Ɗalibinku,
wani malamin zane daga cikin ajin gini.