A san dokar kikbol kafin a yanke wa fim ɗin hukunci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Sharhin da kuka buga kan fim ɗin dokumentari da wasu masu zaman kansu suka ɗauka game da gasar kikbol (wasan da ake bugun ƙwallo da ƙafa a ruga zagaya tashoshi) ta manya a Amurka ya ce abu biyu: wasan yara ne, kuma kyamara ta maƙale a kusurwa ɗaya. Na farkon da ƙamshin gaskiya, domin tun wajen 1917 ana buga wasan a filayen wasan yara na birnin Cincinnati, sai a 1998 aka kafa WAKA, ƙungiyar kikbol ta manya, a birnin Washington, ma'aikata suka mayar da shi abin yi bayan an tashi daga ofis. Na biyun ne ban yarda da shi ba.

Tsarin filin irin na besbol ne, wasan Amurkawa da ake bugun ƙwallo da sanda: tashoshi huɗu, tsakanin kowace da ta gaba ƙafa 60, kusan mita 18. Ƙwallon jan roba ne mai faɗin inci 10. Ana mirgino shi a ƙasa, mai bugu ya sa ƙafa, ya ruga tasha ta farko. Idan aka cafe ƙwallon a sama, ko ya riga shi isa tashar, ko aka jefe shi da shi daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya fita. Mutum uku suka fita, sai ɓangarorin su yi musanya. A dokar WAKA zagaye biyar ake yi, kuma maza da mata ne a kowane ɓangare.

Ƙwallo mai wannan girma da taushi ba ya nisa, yana jinkiri a iska, cafe shi ba wuya. Shi ya sa gwanaye ba sa narka masa ƙafa. Ɗan taɓa shi suke yi ya gangara wajen tasha ta uku, don masu tsaro ba su da ikon ƙetare layin da ya haɗa tasha ta farko da ta uku sai an buga. Kenan yawancin rigimar tana faruwa ne a ɗan fegin da ke gaban mai bugu da kuma kan hanyar tasha ta farko. Wanda ke da kyamara biyu kacal, wajibi ne ya kafa ɗaya bisa ƙafafunta a bayan mai bugu, ya tsaya da ɗayar a gefen tasha ta farko. In ya bi ƙwallo sama da kyamara, ya rasa mai gudu, ya rasa jifan, ya dawo da hoton sararin samaniya. Abin da mai sharhinku ya kira lalaci, sanin aiki ne.

Inda irin waɗannan finafinai ke faɗuwa daban ne, kuma can ya kamata a auna su. Da yamma ake wasan, haske na raguwa ana tsaka da shi, ga mai ɗauka yana son hoto 60 a daƙiƙa don ya iya rage gudun jifan wajen tacewa. Hakan na cin haske, zagayen ƙarshe ya fito da yashi-yashi. Sauti ya fi wannan ɓata rai. Makirufon kan kyamara iska yake kwasowa, don haka sai an maƙala wa kyaftin-kyaftin ƙaramin makirufo a riga, da marfin gashi mai tare iska. Ba tare da shi ba, gardamar da aka yi da alƙalin wasa ta tafi ke nan.

Sai takarda. Duk wanda zai yi magana a fim sai ya sa hannu a takardar amincewa, tun makon farko, kafin a yi faɗa wani ya janye. Bayan wasa kuma mashaya suke tafiya, al'adarsu ce, can ake sakin baki. Amma waƙar da ke tashi a mashayar tana da mai ita, in ta shiga faifan sai a biya ko a yanke wurin, kuma mai ɗan ƙaramin jari yankewa yake yi.

Kakar wasa takan kai mako takwas kafin wasannin sili ɗaya ƙwale, ba wanda ya san mai kai wa ƙarshe, dole a bi ƙungiya biyu ko uku tun daga farko, a zubar da akasarin abin da aka ɗauka.

Ina roƙon ku sake duba fim ɗin da wannan ma'auni, ku kuma sa zanen filin a gefen sharhin don masu karatu su ga inda kyamarorin suka tsaya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku