Wasiƙa daga Kasala a kan taswirar 1940

Kasala, Sudan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da mutanen Kano baki ɗaya, ina neman gafara saboda jinkirin amsa, wutar lantarki ce take yi mana wasan ɓuya. Ka tambaye ni inda aka kwana game da kwaskwarimar da muke yi wa Hearts of Iron IV, wasan kwamfutar nan na Yaƙin Duniya na Biyu da kamfanin Paradox ya fitar a 2016, kuma gaskiyar magana ita ce aikin ya cije a nan ƙofar gidanmu.

Ka san da ma burinmu shi ne mu gyara fagen yaƙin gabashin Afirka ya yi daidai da abin da ya faru. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, wato mutum ya buɗe fayilolin wasan ya zuba alƙaluman gaskiya. Italiya ta shiga yaƙi a ranar 10 ga Yuni, 1940, tana da soja fiye da 250,000 a Habasha da Iritiriya da Somaliya, alhali Janar Platt na Birtaniya yana tsaron Sudan da mutum kimanin 9,000 a kan iyaka mai tsawon gaske. Haka na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba, sannan na saki wasan na koma gefe da finjalin jabana, gahawarmu ta nan, ina kallo. Italiyawa suka kama Kasala, kamar yadda suka yi a ranar 4 ga Yuli na waccan shekara, har na fara murmushi. Kafin kofin ya huce sai ga rundunoninsu a taswirar wasan sun miƙe yamma, kuma watan Agusta bai ƙare ba tutarsu tana kan Khartum, wata rundunar kuma ta doshi Bur Sudan. Na sake gwadawa sau huɗu, sakamakon bai sauya ba.

Alƙaluman daidai suke, amma tarihin da suka haifa ƙarya ne, domin a zahiri Italiyawa sun tsaya a Kasala da Gallabat da Kurmuk, ba su ƙara gaba ba, har suka janye daga garinmu a Janairun 1941. Abin da ya ɗaure su ba ya cikin lissafin bindiga. Tun da aka rufe musu mashigin Suwez suka zama kamar tsibiri, man fetur da tayoyin mota da ke hannunsu su ne iyakar abin da za su yi yaƙi da shi. Ga kuma damina. Kai ba ka taɓa ganin kogin Gash a watan Agusta ba, wanda rabin shekara yashi ne yara ke buga ƙwallo a cikinsa, sannan dare ɗaya ya taso ja wur yana tafe da itatuwa. Haka ma baƙar lakar Gadarif, wadda na ga ta haɗiye babbar mota har gindin ƙofa, direban yana zaune a kan rufi yana jiran rana ta yi masa aiki. Kwamfuta ba ta san wannan ba, a wurinta ƙasar da ke tsakaninmu da Khartum fili ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma.

A nan muka saɓa da abokin aikina. Shi yana ganin a rubuta umarni kawai wanda zai hana rundunar Italiya wuce Kasala kafin 1941, a huta. Ni kuwa ban yarda ba, saboda wanda ya zaɓi Italiya zai ji an ɗaure masa hannu ba tare da an gaya masa dalili ba, kuma idan ana son abin da ba ya sauyawa, littafi ya fi wasa. Na fi son a bar masa hanya a buɗe, amma ya tarar da abin da Duke na Aosta, kwamandan Italiya a gabashin Afirka, ya tarar. Tun da aka sabunta tsarin jigilar kayan yaƙi na wasan a 2021, aka shigo da layin dogo da rumbunan ajiya, hakan ya zama mai yiwuwa. Na rage man da suke farawa da shi, na sa tafiya ta yi nauyi daga Yuli zuwa Satumba, na kuma ja layin dogon da ya haɗa Kasala da garin Haya da wanda ya bi ta Gadarif zuwa Sinnar. Yanzu a gwaji biyar sau ɗaya kawai suke isa kogin Atbara da sauran ƙarfi, kuma wannan ɗayan ban da niyyar toshe shi. Garin Keren na Iritiriya ne har yanzu yake ba ni ciwon kai, domin duwatsun da suka tare wa rundunonin Indiya biyu na ɓangaren Birtaniya hanya daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris na 1941 suna faɗuwa a wasan cikin mako guda.

Akwai wurare biyu da nake neman hannunka. Na farko shi ne hanyar jiragen sama da aka buɗe a 1940, wadda ake harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Fashir su sauka Khartum kafin su wuce Masar. Ina so ta zama abin da mai wasa zai gina ya kuma tsare, don haka duk abin da ka samu game da filin jirgin Kano na wancan zamani, ko da tsohon hoto ne, ka turo mini. Na biyu shi ne birged ta 23 ta sojan Nijeriya, wadda ta shiga Mogadishu a ranar 25 ga Fabrairu, 1941. Da yake Hausa ce harshen bariki a rundunarsu, ina so muƙamansu su fito yadda suke faɗa, kofur da saja da samanja, ba yadda aka rubuta a Landan ba. Idan akwai dattijo a unguwarku da mahaifinsa ya yi soja a lokacin, ka zauna da shi ka rubuto mini kalmomin yadda ya furta su.

Ka gaishe mini da Baba da Hajiya, ka shafa kan yara. Zan turo maka fayilolin da zarar intanet ta daidaita, ka gwada ɓangaren Birtaniya ka faɗa mini ko Kasala tana dawowa da wuri fiye da kima.

Naka har kullum,
Amininka na gindin dutsen Totil